Yadda Ake Gano Matsalar Magudanar Gida Idan Akwai Injin Tura Ƙazanta A Ɗakin Ƙasa

A gida, wanda ya gina banɗaki ba ya dogon tunani kan yadda ruwan zai fita. Bututu ya ɗan karkata, ruwa ya gangara sokawe, shi ke nan sai ranar da ta cika a kira masu mota su kwashe. Da na zo Shikago sai na tarar da wani tsari daban. Gidaje da yawa a nan, da sauran garuruwan sanyi na Amurka da Kanada, suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa wanda ake kira besmen, kuma mutanenmu ba sa barinsa haka nan. Can ake sauke baƙo, can ake ɗora tukunyar taro, wani ma can yake ajiye ƙaninsa da ya zo karatu. To idan banɗakin da ke ƙasa ya fi bututun da ke fita titi zurfi, ruwa ba zai hau tudu don kansa ba. Sai a yi rami a daɓen, a rufe shi da murfi, duk abin da ya fito daga masai da wurin wanka da injin wanki na ƙasa ya taru a ciki, a zura inji ya riƙa cilla shi sama. Injin ɗan'uwan sumo ne da ake zurawa a rijiyar burtsatse, sai dai shi ƙazanta yake turawa. A shago ijekta ake ce masa.

Ni da kuɗina na koyi wannan karatu. Daren da aka watse daga sunan 'yata, na sauka ƙasa ɗauko kujeru, na ji ƙafata a cikin ruwa. Wurin wanka ya cika ya tumbatso, wari kuwa ba a magana. Na kira mai gyaran famfo a kan kuɗin dare. Ya zo, ko safar hannu bai sa ba, ya haska tocila a bango, ya danna wani ɗan maɓalli a jikin soket. Inji ya tashi, ruwa ya janye muna tsaye, ya rubuta mini rasit. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ce. Amma tun daga ranar na riƙe abu ɗaya: inda ruwa ya ɓullo da wuya ya zama nan ne ciwon yake, kuma ramin shi ne abu na ƙarshe da za a buɗe.

Kafin komai

Ka hana kowa amfani da ruwa a ƙasa. Kada a kora masai, kada a yi alwala a sinki, a kashe injin wanki. Idan ba ka tabbatar da inda ruwan sama yake bi ba, su ma na sama su dakata. Idan ruwa ya malale a daɓe har ya kusa soket ko wayar wuta, kada ka taka shi sai an kashe wutar wurin daga babban akwatin bireka, in kuma akwatin ma a cikin ruwan yake, wannan ya wuce aikin mai gida. Ka sa takalmin roba da safar hannu mai kauri, ka buɗe taga in akwai, yara su hau sama.

Raba gidan biyu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma ba ya cin ko sisi. Magudanun gidanka kashi biyu ne: waɗanda ke zuba a rami, da waɗanda ke gangarawa titi kai tsaye. A mafi yawan gidaje na ƙasa ne kaɗai ke shiga rami. Hanyar sani ita ce ka gwada ranar da komai ke lafiya: ka sake ruwa a wuri ɗaya, ka tsaya kusa da murfin, ka saurara ko za ka ji yana zuba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya har da ɗan ramin daɓe da ke kusa da tukunyar ruwan zafi.

Da ka san wannan, alamomin za su fara yi maka magana. Idan sinki ɗaya ne ko wurin wanka ɗaya yake jan ruwa a hankali, sauran kuma lafiya, ka bar inji ya huta, toshiya ce a bututun wannan wurin, gashi ne ko sabulu ko maiƙo. Idan duk na ƙasa sun tsaya lokaci guda, na sama kuma suna tafiya, maganar tana ramin. Idan kuwa da inji ya tashi sai ka ji bahon wanka na sama yana ɓulɓul, ko ruwa mai datti ya leƙo a cikinsa, to injin yana aikinsa, babban bututun da ke fita ne ya cushe, abin da aka tura masa ya rasa hanya ya nemi mafita mafi kusa. Mutane da yawa sun sayi sabon inji a kan wannan alamar, bayan kwana biyu ruwa ya dawo musu.

Wani abin da ke ruɗa baƙo shi ne ramuka biyu. Gidaje da yawa suna da wani ramin na daban mai tara ruwan da ke tsatsowa daga ƙasa lokacin ruwan sama ko narkewar ƙanƙara. Shi ruwansa kusan fari ne, murfinsa sau da yawa ɗorawa kawai aka yi, bututu ɗaya ke fita daga cikinsa. Na ƙazanta kuwa an ɗaure murfinsa da noti, an liƙe gefensa, kuma bututu biyu ke fitowa: ɗaya na tura ruwa, wanda za ka ga bawul a jikinsa, ɗaya na numfashi, wanda ba komai a jikinsa. Ka tabbatar wanda kake dubawa.

Wuta

Ka duba ko filogin yana soket. Abin dariya ne, amma sau nawa wani ya zare shi don ya jona abin shara ya manta. Daga nan ka duba soket ɗin. Na ɗakin ƙasa galibi irin wanda ake kira GFCI ne, mai ƙananan maɓallai biyu a tsakiya, wanda ke yanke wuta da kansa idan ya ji tana zurarewa, kamar yadda laima ke jawowa. Ka danna na mayarwa. Wannan ne maɓallin da na biya kuɗin dare a kansa. Sai ka je akwatin bireka ka ga ko ɗaya ta faɗi. Ka jona fitila ko cajar waya a soket ɗin don ka tabbatar akwai wuta da gaske. Idan ka mayar ta sake faɗuwa nan take, kada ka yi ta maimaitawa, ruwa ya shiga injin ko wayarsa ta ci, sai a fito da shi.

Idan wuta lafiya, ka kalli filogin da kyau. A injuna da yawa filogi biyu ne, ɗaya goye a bayan ɗaya. Na gaba, wanda ke shiga bango, na ƙwallon da ke iyo a cikin rami ne. Shi ne makunnin: ruwa ya ɗaga shi inji ya tashi, ruwa ya sauka inji ya mutu, kamar dai na tankin sama a gida, sai dai aikinsa a juye yake. Na bayan shi ne na injin kansa. Ka zare su duka, ka raba su, ka sa na injin kai tsaye a bango na 'yan daƙiƙoƙi, hannunka a bushe, kunnenka a kan rami.

Abu huɗu ne za su iya faruwa. Inji ya tashi ruwa ya janye: injinka lafiya, ƙwallon ne ya maƙale ko ya mutu, kuma shi kaɗai ake canzawa, kuɗinsa bai kai rabin na inji ba. Ka zare filogin da zarar ka ji sautin ya canza zuwa na zuƙar iska, don barinsa yana juyawa ba ruwa yana ƙona shi. Na biyu, ya yi gurnani ba ya juyawa: wani abu ya riƙe farfelarsa, ka zare maza. Na uku, shiru kamar an shuka dusa. Nan kada ka yanke masa hukunci tukuna, domin injunan suna da abin da ke kashe su idan sun yi zafi. Ka ba shi kamar rabin awa ya huce ka sake gwadawa, in har yanzu shiru, ya gama yayinsa. Na huɗu, yana juyawa sarai amma ruwa yana nan inda yake. Wannan shi ke kai mu ga bututu. In kuma injinka mai filogi ɗaya ne, ƙwallon a jikinsa yake, wannan gwajin ba zai yiwu ba sai an buɗe rami.

Bawul biyu da ke jikin bututu

Ka bi bututun turawa da ido daga murfi zuwa sama. Yawanci faɗinsa inci 2 ne. Za ka fara tarar da wani abu mai kumburi da kibiya a jikinsa. Wannan bawul ne mai barin ruwa ya hau ya hana shi dawowa, kibiyar kuma dole ta kalli sama, wato hanyar fita. A samansa akwai bawul na hannu. Idan hannunsa yana kwance tare da bututu, a buɗe yake, idan ya gitta, a rufe. Na taɓa ganin gidan da yaro ya murɗa shi, inji ya kwana yana aikin banza.

Bawul mai kibiya shi ne ya fi lalacewa, kuma yana da alamarsa. Inji ya tashi ya mutu, sai ka ji ruwa yana kwararowa baya cikin rami, bayan ɗan lokaci inji ya sake tashi alhali ba wanda ya taɓa famfo. Ruwa ɗaya yake ta ɗagawa yana dawowa. Wannan ba ya jawo ambaliya yau, amma yana cinye ran inji. Ƙarar "gaf" sau ɗaya bayan inji ya tsaya kuwa ba cuta ba ce, marfin bawul ne ke rufewa. In ta hana baƙonka barci, akwai irin da ake sayarwa mai rufewa a hankali.

Canza shi aiki ne da mai gida zai iya. Ka zare wuta, ka rufe bawul na hannu da ke sama, ka ajiye bokiti da tsummoki a ƙasa. Ka kwance zobban ƙarfen da suka ɗaure shi, na ƙasa tukuna. Ka sani ruwan da ke tsaye a samansa zai zubo, kuma bututun inci 2 yana riƙe kusan lita 2 a kowace mita, ba kuma ruwan alwala ba ne, don haka ka kawar da fuskarka. Ka tafi shago da tsohon a leda don ka samo daidai shi. Ka ɗaura sabon kibiya sama, ka matse, sannan ka buɗe bawul na hannu kafin ka mayar da wuta. Mantawa da wannan buɗewar ita ce kuskuren da aka fi yi.

Buɗe ramin

Idan ƙwallo ne ya maƙale, ko inji yana gurnani, ko yana juyawa ba ya turawa alhali bawul lafiya, babu makawa sai an buɗe. Ka zaɓi lokacin da kake da mataimaki. Ka zare filogi duka biyun ka rataye su inda ba za su jiƙe ba. Ka sa takunkumi da tabarau, ka kunna fanka ta kora iska waje, kada a kunna ashana ko sigari, domin iskar da ke ciki tana da guba kuma tana iya kama wuta. Kada ka cusa kanka cikin ramin, tocila ce za ta leƙa maka.

Ka rufe bawul na hannu, ka raba bututun turawa a wurin bawul mai kibiya, ka raba na numfashi in yana da mahaɗa, ka kwance notocin murfi, ka ɗaga. Ramin da aka fi sa wa gidaje faɗinsa inci 18 ne, zurfinsa inci 30, yana ɗaukar kimanin galan 30. Ranar da na fara buɗe nawa, abin da na gani shi ne wani farin ɓawo mai kauri kamar ɗan yatsa ya zagaye bango, maiƙo ne da ya daskare, ga ƙwallon an naɗe shi da tsumman goge jarirai ya manne da bututu, ko motsi ba ya yi. Na sa sanda na kuɓutar da shi, ya taso sama kamar gora.

Ka kankare maiƙon ka kwashe a leda, kada ka bar shi ya faɗa ƙasan rami. Ka duba ko ƙwallon yana hawa da sauka ba tare da ya taɓa bango ko waya ba. Idan ka girgiza shi ka ji ruwa a ciki, ya fashe. In sai an fito da inji, ka ɗaga shi ta hannunsa ko ta bututu, ban da ta waya, kuma yana da nauyi, na ƙarfen zubi ne. Ka sa shi a babban baho, ka kifa shi, ka duba bakinsa na ƙasa. An ƙera shi ya wuce da abu mai kaurin inci 2, amma ba ya niƙa, kuma abin da ke da zare shi ne ajalinsa: tsumman gogewa, audugar mata, zaren sakace, igiyar mofa. Ka sa filaya ka zaro su, ka juya farfelar da sanda ka ga tana tafiya.

Kafin ka mayar, ka nemi wani ɗan ƙaramin huji a jikin bututu, sama kaɗan da injin, a cikin rami. Da gangan aka yi shi, faɗinsa 3/16 na inci, don iskar da ta taru a cikin inji ta samu hanyar fita. Idan ya toshe, farfela sai ta yi ta juyawa cikin iska ba ta kama ruwa. Ka zura waya ka buɗe shi. Idan ka ga ruwa yana tsartuwa ta nan lokacin da inji ke aiki, haka ake so, kada ka liƙe. In kuma ya tabbata inji ya mutu, ka karanta farantin da ke jikinsa ka sayi mai ƙarfi ɗaya. Na gidaje galibi rabin ƙarfin doki ne, Zoeller da Liberty su ne sunayen da za ka fi gani. Wanda ya kai shekara 7 zuwa 10 yana aiki, ni ba na ɓata kuɗi wajen gyaransa.

Numfashi da wari

Rami a rufe yake ruf, don haka idan ruwa ya shigo dole iska ta fita, idan inji ya kwashe dole iska ta shigo. Bututu na biyun nan da ke hawa har rufin gida aikinsa ke nan. Idan ya toshe, za ka ga masan ƙasa yana kumfa, ko ruwan cikinsa ya ragu duk lokacin da inji ya tashi, ko sinki ya yi ƙarar zuƙa. Ganye da sheƙar tsuntsu suna toshe shi, a tsakiyar hunturu kuma tururin da ke fita yana daskarewa a bakinsa har ya rufe. Ka tsaya a ƙasa ka hanga, kada ka hau rufi mai ƙanƙara, ba abin da ke cikin ramin nan da ya kai ƙashin bayanka. Wani abin dubawa: idan ka ga bututun bai fita waje ba, an yanke shi an ɗora masa wata 'yar hula ta roba a cikin ɗaki, wannan aikin ha'inci ne. Hular tana barin iska ta shiga ne kawai, ba ta barin ta fita, ramin kuwa yana buƙatar duka biyun.

Wari ba tare da ambaliya ba yawanci abu mai sauƙi ne. Kowace magudana tana da lanƙwasa a ƙarƙashinta mai riƙe ɗan ruwa, ruwan nan shi ke tare wari. Banɗakin baƙi da aka yi wata biyu ba a shiga ba, ko ramin daɓe, ruwansu yana ƙafewa. Ka zuba buta biyu a kowanne ka jira kwana ɗaya. In warin bai tafi ba, ka duba robar da ke bakin murfi da waɗanda suka zagaye bututu da waya.

Idan babban bututu ne

Tsofaffin gidaje da yawa bututunsu na yumɓu ne, saiwar bishiya tana shiga ta mahaɗarsa. Wannan aikin masu inji ne, su zura waya mai yanka, kuma ka nemi su zura kyamara ka gani da idonka kafin ka yarda a haƙa maka tsakar gida. Idan kuwa abin ya zo ne ana tsakiyar ruwan sama mai ƙarfi, maƙwabta ma suna kuka, to na gari ne ya cika, domin a yawancin Shikago ruwan sama da na masai bututu ɗaya suke bi. Ka kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birni, ka sanar, ka rage amfani da ruwa har ya sauka. Ɗan haya kuma ya ɗauki hoto ya sanar da mai gida a rubuce kafin ya kwance ko noti ɗaya.

Ruwan magani mai cin toshiya da ake sayarwa a kwalba, ka bar shi a shago. Ba ya narkar da tsumma, yana taruwa a rami yana cin roba, ya kuma ƙona hannun wanda zai buɗe. Mu da muka saba da buta mun riga mun rage wa injin wahala. Inda muke cutarsa a tukunya ne: manja da man suya da romon kan sa da ake juyewa a sinkin ƙasa bayan taro. A bari ya huce, a juye a gwangwani, a kai shara. Tsumman gogewa kuma, ko an rubuta a jikin ledarsa cewa ana iya korawa, kwando ne wurinsa.

Wurin da ruwan ya taɓa, ka wanke da sabulu, sannan ka bi da bilic, kofi 1 a galan 5 na ruwa, kada ka haɗa shi da wani maganin wanki. Kafet da katifa da suka sha, sai haƙuri. Ka sayi ƙararrawar da ke kuka idan ruwan rami ya wuce ƙa'ida, ka kuma tambayi kamfanin inshorarka ko takardarka ta ƙunshi dawowar ruwan masai, don sau da yawa sai an ƙara shi daban.

Bayan ka haɗa komai, kada ka ɗaure murfin tukuna. Ka buɗe bawul na hannu, ka mayar da filogi yadda suke a goye, ka sake ruwa a baho har inji ya tashi da kansa ya mutu da kansa sau uku kana kallo. Ka shafa busasshen tsumma a kowace mahaɗa ka ga ko ya jiƙe. Sannan ka ɗaure notoci, ka ɗauki alƙalamin maka ka rubuta kwanan watan a kan murfin.